Inda Kamfanin Ke Jin Zafi

Yayata ta yi aiki a kamfanin roba tun ina 'yar makaranta har na aurar da 'yata ta fari. Bokitai suke yi, da kujeru, da kwandunan wanki, da ƙananan robobin da ake zuba wa yara abinci. Ni tela ce, shagona yana bakin titin da motar kamfanin ke sauke ta, don haka kusan kullum sai ta tsaya wurina ta cire takalmi ta miƙe ƙafa a kan benci kafin ta ƙarasa gida. Abin da zan faɗa, rabinsa daga bakinta na ji a kan bencin nan, sauran kuma daga bakin waɗanda suka yi aiki da ita.

Da buga tafireta ta fara. A lokacin, mai kamfanin, wanda kowa ke kira Tsoho, da ƙafarsa yake zagaya ɗakin injuna kowace safiya, hannu a goye a baya. Ya san wanda matarsa ta haihu, ya san wanda ya zo aiki da zazzaɓi yana ɓoyewa. Da gwiwa ta fara hana shi sauka daga bene, sai ya lura cewa ma'aikata ba sa wuce teburin yarinyar tafireta ba tare da sun tsaya sun yi mata wata 'yar magana ƙasa-ƙasa ba. Wata rana ya kira ta ya ce, “Ke, ajiye injin nan. Ki zauna a ƙasa, abin da kika ji ki hau ki faɗa mini.” Haka ta zama mai kula da ma'aikata, tun kafin a rubuta sunan muƙamin a jikin ƙofa.

Ofishinta a ƙarƙashin matakalar bene yake. Rufin a karkace, dogon mutum sai ya sunkuya. Ta bango ɗaya tana jin gurnanin injin narka roba, ta sama kuma tana jin takun manya suna hawa suna sauka, har ta kai tana gane kowa da takunsa. Akwai tebur, da fanka mai ƙara idan ta juya wuya, da jarkar ruwan sha, da kujerar baƙo wadda aka ajiye a gefen tebur maimakon gabansa, domin Yaya ta ce mutum ya fi buɗe baki idan ba ido cikin ido ake ba. Warin narkakkiyar roba ya kama kayanta har ya zama ko a gidan biki na rufe ido zan gane ta iso.

Abin da ake kawo mata ba ya ƙarewa. Neman hutu, rigimar musayar aikin safe da na yamma, mai lodi da aka zaga a gaban yaransa, mace mai ɗaure kaya da baya ya riƙe, magidancin da matarsa ta yi yaji ya rasa wanda zai faɗa wa. Uwar Ma'aikata suke ce mata, daga baya suka gajarta ya koma Uwa, har waɗanda suka girme ta. Ofishin kuwa asibitin da ba allura suke kiransa. Wani abin tana iya gyarawa da ɗaga waya, wani sai ta hau bene, wani kuwa babu abin yi sai dai a saurara. Shi ma tana yi.

Mijinta mai gyaran rediyo da fanka ne, Malam Rediyo, mutum mai sanyin hali da kunne ɗaya ya yi masa nauyi tun yana saurayi. Ina tsokanarta cewa Allah ya haɗa mai kunne da yawa da mai rabin kunne. Takan ce ai da gangan ta zaɓe shi, shi kaɗai ne namijin da ta sani wanda ba ya kawo ƙara. 'Ya'yansu maza biyu sun yi nisa wajen neman abinci, sai Auta, mace, wadda aka aurar nan cikin gari.

Da Tsoho ya rasu, ɗansa ya dawo daga karatu ya hau kujerar. Ƙaramin Oga ake ce masa. Yaya ta san shi tun yana rarrafe a ƙarƙashin teburinta, shi kuma Anti yake ce mata ko a gaban baƙi. Ba mugu ba ne, wannan ko waɗanda ya kora sun shaida. Mutum ne mai son a yi abu daidai, kuma yana jin nauyin hoton ubansa da ke rataye a bayan kujerarsa. Bai daɗe da zama ba ya gayyato wani masani a kan tafiyar da ma'aikatu, aka tsayar da injuna rabin yini, aka tara kowa a ɗakin cin abinci.

Masanin wani siririn dattijo ne mai tabarau rataye da igiya a wuya, Dakta ake ce masa. Ya zana ƙwaƙwalwa a jikin farin allo, zanen ya fito kamar kabeji, shi ma ya yi dariya. Sannan ya ce, “An daɗe ana koya mana cewa kamfani inji ne, ma'aikaci kuma ƙusa ce a jikinsa, in ta lanƙwashe a cire a sa wata. Ni ban yarda ba. Inji ba ya koyo, ba ya tuna abin da ya faru bara. Kamfani ƙwaƙwalwa ce. Yana tunani, kuma tunanin ba a saman bene kawai yake ba, yana wurin mai gadi, yana wurin wanda hannunsa ke kan inji. Yana koyo, yana mantuwa, yana jin tsoro, yana jin zafi.”

Ya ɗaga hannunsa. “Idan yatsa ya taɓa tukunya mai zafi, me ke faruwa? Saƙo yana gudu zuwa kai, kai ya ce a janye. Akwai masu larurar da ba sa jin zafi. Kada ku yi musu sha'awa. Su ne suke ƙonewa har ƙashi ba su sani ba. Wa ke kula da ma'aikata a nan?”

Aka nuna Yaya, tana can baya kusa da ƙofa riƙe da tiren kofuna.

Ya ce, “To, Hajiya, ke ce inda kamfanin nan ke jin zafi. Ranar da kika daina ji, ko aka daina jin ki, an fara ƙonewa.”

Ma'aikata ba su bar maganar ta wuce haka nan ba. Mai gadi ya ce shi dai fatar ido ne, buɗewa da rufewa. Masu lodi suka ce su ƙashin baya ne, shi ya sa kullum ake zaune a kansu. Akantan kamfanin kuwa aka yi masa laƙabi da Ciki, wai komai wurinsa yake shiga ba a ganin fitarsa, kuma sunan ya bi shi har ya bar aiki. Amma Yaya ba ta yi dariya ba. Da yamma ta shigo shagona ko takalmi ba ta cire ba, ta tsaya a kaina ina taka keke.

Ta ce, “Yau an faɗa mini sunan aikina.”

Na ce, “Da ba ki san sunansa ba, Yaya?”

“Na ɗauka gulma ce ake biyana in yi.” Ta zauna tana murmushi ita kaɗai. “Ashe aiki ne. Har a littafi an rubuta.”

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi daɗi a aikinta. Ƙaramin Oga ya ɗauki maganar Dakta da gaske. Ya ba Yaya kujera a teburin manya, ya ce kowane mako ta zauna da sashe ɗaya su faɗi abin da ke ransu ba tare da shugabansu yana wurin ba. Da farko kowa ya ja bakinsa ya yi shiru, ana kallon-kallo. Sai wata mai ɗaure kaya ta ce ita dai banɗakin mata ba shi da sakata. Washegari aka sa sakata, daga nan baki ya buɗe. Aka huda bango aka sa manyan fankoki a ɗakin injuna. Aka daina raba safar hannu mai narkewa. Wani mai aiki a injin kujera, ƙaton mutum mai tabon ƙuna a hannu da ake kira Ƙarfe, ya ce in aka rage zafin injin kaɗan aka bar kujera ta ɗan huce a cikinsa, ƙafar za ta daina karkacewa. Injiniya ya gwada, abin ya yi, ya zo da kansa ya yi masa godiya. Yaya ta riƙa dawowa a gajiye, amma irin gajiyar da barci ke wankewa.

Sai kasuwa ta juya. Kaya masu araha suka fara shigowa daga waje, marasa ƙwari amma masu sheƙi, 'yan kasuwa suka koma can. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, janareto yana shan mai kamar ba gobe. Sito ya cika da bokitai har rufi. A teburin manya aka daina tambayar Yaya me mutane ke cewa, aka koma tambayarta wa za a iya yi ba tare da shi ba. Ta ci gaba da zaman mako-mako, ta ci gaba da hawa bene da abin da ta ji. Ƙaramin Oga yakan saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya ce, “Na ji, Anti. Ki ba ni lokaci.” Ta sauko ta ce wa mutane an ji. Tun suna yarda har suka fara cewa, “Uwa, mun san an ji.”

Da aka fara rage ma'aikata, ita aka ba aikin faɗa musu. Hujjar kuwa mai kyau ce a baki: ita ta san su, ita za ta iya faɗa ba tare da cin fuska ba. Kujerar da mutum ya zauna ya ba ta labarin haihuwar ɗansa, a kanta yake zama ya ji cewa daga ƙarshen wata kada ya dawo. Na farkon da ta sallama, ta zo shagona ta yi kuka har na rufe ƙofa na sallami masu jiran ɗinki. Zagaye na biyu ta zo ta yi tagumi kawai. Bayan nan sai ta riƙa zuwa ta cire takalmi ta tambaye ni kuɗin yadi, kamar ba abin da ya faru.

Ranar da aka sallami Ƙarfe ce ta tsorata da kanta. Ta ce mini ya zauna, ta faɗa masa, sai ya fara magana a hankali kan mahaifiyarsa da ke kwance da kuma yaran da ke makaranta. Bai roƙa ba, faɗa kawai yake yi, kamar yadda ya saba faɗa mata komai.

Ta ce, “Kin san me nake yi yana magana? Maɓallin rigarsa nake kallo. An ɗinka shi da jan zare a kan farar riga. Ina ta cewa a raina, bari in na je in faɗa wa ƙanwata, wane irin tela ne wannan. Bakina yana cewa Allah ya kawo mafita, fuskata ta yi yadda ta saba yi. Amma nan,” ta dafa ƙirji, “kamar katako.”

Na ce gajiya ce, ta nemi hutu. Ta ce in ta tafi hutu wa zai faɗa musu, Ciki akanta?

A cikin wannan tsakanin ne Auta ta yi ɓari. Cikin farko ne, bayan an daɗe ana jira, kuma ba ta riga ta faɗa wa kowa ba sai mijinta. Shi yana tafiya, don haka ni ta kira, ni na kai ta asibiti. Da muka fito na ce mu wuce gidan Ummanta. Ta ce in bari, ita za ta faɗa mata da bakinta idan ta ɗan ji ƙarfi. Maganarta ce, na bar mata.

Bayan 'yan makonni Yaya ta je asibitin awon hawan jini, don kai ya fara yi mata ciwo ba sassauci. Nas ɗin da ke ɗaura mata abin awo ta san su duka, sai ta ce, “Hajiya, yaya jikin 'yar taki? Jinin ya tsaya?” Yaya ta ce da sauƙi, Alhamdu lillahi. Ta karɓi maganinta, ta fito, ta biyo ta shagona ta ce in rufe in raka ta.

Mun tarar da Auta tana guga a falo. Yaya ta zauna a bakin kujera, jakarta a kan cinya.

“Auta, a bakin nas zan ji?”

Auta ta kashe dutsen guga ta jingine shi. Ba ta ɗago kai ba.

“Na zo, Umma.”

“Yaushe?”

“Satin da abin ya faru. Kin dawo daga aiki kina kwance a doguwar kujera. Na zauna a ƙasa kusa da ke na ce Umma, akwai magana. Kika ce ina jin ki.” Ta naɗe rigar da ke hannunta, ta sake warwarewa. “Da muryar ofis kika faɗa. Idonki a rufe. Sai na ce miki labule na zo aro.”

Yaya ta ce, “Na ba ki labulen?”

“Kin ba ni.”

Ba wanda ya ɗaga murya. Auta ta kawo mana ruwa, muka sha. Yaya ta tambaye ta ko tana cin abinci, ko tana shan maganin ƙarin jini, Auta ta amsa duka da ladabi. Muka kama hanya ni da Yaya har muka zo rabuwa. Ta ce, “Mata nawa na ji labarin cikinsu a kamfanin nan kafin mazansu su ji.” Ta gyara mayafi ta wuce. Malam Rediyo ya faɗa mini daga baya cewa ranar ta zauna a shagonsa har magariba, abin da ba ta taɓa yi ba, tana miƙa masa sukundireba.

Ba a daɗe ba, wata rana da azahar, ta ji taku a kan matakala yana saukowa, kuma maimakon ya wuce waje sai ya tsaya a ƙofarta. Ƙaramin Oga ne. Tun da ya hau kujerar ubansa bai taɓa shiga ofishin ba. Ya sunkuya ya shigo, ya zauna a kujerar baƙo, gwiwoyinsa suna taɓa tebur. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ya ce za a sake ragewa, wannan karon har da tsofaffin hannu, har da Baba Direba. Sannan maimakon ya tashi sai ya ci gaba da magana. Ya ce ba ya barci. Ya ce 'yan'uwansa suna ganin shi ya kashe abin da ubansu ya gina, matarsa kuma tana cewa ya sayar kowa ya huta. Ya ce akwai ranar da ya zauna a mota a bakin get ya kasa cewa a shiga. Yaya ta zuba masa ruwa a kofin da kowa ke sha, ta bar shi ya gama.

Ta ce, “Ranka ya daɗe, ka tuna Dakta?”

“Na tuna, Anti.”

“Ya ce ni ce inda ake jin zafi. To, na daina ji. Ba ƙi na yi ba, abin ne ya mutu. In ka ba ni mutanen nan zan sallame su yau, in ci abincina, in yi barci. Kai ma ba za ka ji ba, don ni na tare maka. Ka ga kenan ba sauran mai ji a gidan nan.”

Ya riƙa juya kofin a hannunsa. Yaya ta ci gaba.

“Wannan karon kai za ka faɗa musu. Ni zan zauna a gefe.”

Ya ce ba aikinsa ba ne, bai iya ba, zai ɓata abin. Ta ce ita ma ba da shi aka haife ta ba. Ya ce ko umarni take ba shi. Ta ce, “A'a, ranka ya daɗe. Gajiya ce.”

Washegari da safe ya sauko ya zauna a kujerarta, ita ta ɗauko wata ta zauna a lungu inda rufin ya fi ƙasa. Wanda ya fara shigowa Baba Direba ne. Dattijo ne da ya tuƙa Tsoho har ranar da ya kai shi asibiti bai dawo da shi ba, kuma shi ya riƙa kai Ƙaramin Oga makaranta. Ya cire hula ya gaishe su, ya ga wanda ke zaune a bayan teburin, ya gane.

Ƙaramin Oga ya fara da halin da kasuwa ke ciki. Ya yi maganar mai, ya yi maganar kayan waje, ya koma kan kasuwa. Gumi ya jiƙa masa goshi.

Baba Direba ya ce, “Yallaɓai, kada ka wahalar da kanka. Na ji.” Ya ciro makullin mota ya ajiye a kan tebur a hankali. “Sai dai duk wanda zai karɓa, a faɗa masa giya ta biyu tana so a lallaɓa ta. In ya tilasta mata za ta ci muku kuɗi.” Ya juya wajen Yaya. “Uwa, a yafe mu.” Ya sa hularsa ya fita.

Ƙaramin Oga ya daure ya ga mutum na biyu, wata mai shara da ta tambaye shi sau da yawa ko laifi ta yi. Na uku yana bakin ƙofa sai ya miƙe ya ce a dakata. Ya bar wayarsa a kan tebur ya fita. Yaya ta ji takunsa yana hawa bene, ta ji ƙofa ta rufe, ba ta sake jin motsi ba har aka tashi.

Ba zan ce abin ya ceci kowa ba. Sauran da aka yi niyyar sallama a wannan watan an bar su. Maimakon haka Ƙaramin Oga ya tara kowa ya faɗa da bakinsa cewa za a rage ranakun aiki, kowa ya ɗan rasa, har da na saman bene. Wasu suka yi godiya. Wasu kuma, musamman matasan da suka san ba su za a kora ba, suka ce Uwa ce ta jawo aka taɓa musu albashi saboda tsofaffi, har akwai wanda ya daina gaishe ta. An aika wa Baba Direba ya dawo, 'ya'yansa suka ce ya isa haka, shi ma bai musa ba. Mai sharar ta dawo. Kafin shekara ta zagayo an rufe sashen kujeru gaba ɗaya, an sayar da injin. Abin da ya canza kawai shi ne, daga ranar duk wanda za a sallama Ƙaramin Oga ne yake faɗa masa, kuma mutane sun ce bai taɓa sabawa da abin ba, kullum sai ya yi gumi. Kamfanin yana nan har yau, ya ƙanƙance, bokitai da kwanduna kawai suke yi.

Yaya ba ta kai lokacin ritayarta ba. Wata safiya tana hawa matakalar sai jiri ya ɗebe ta, ta zauna a tsakiyar bene, masu lodi suka sauko da ita. Likita ya ce in tana son ganin jikoki ta zaɓa, ko aiki ko lafiyarta. An yi mata 'yar walima a ɗakin cin abinci, aka ba ta agogon bango, Ƙaramin Oga ya yi jawabi ya kasa ƙarasawa. Ita kuwa ta ce mini duk tsawon taron tunanin ƙafarta take yi da ta kumbura a cikin takalmi.

Watannin farko barci kawai ta yi. Tsofaffin ma'aikata suna zuwa gaishe ta, kuma ba a jima da zama sai mutum ya gyara murya ya ce, “Uwa, akwai wata 'yar magana.” Malam Rediyo ya ɗauki aikin tsaron ƙofa. Yakan juya musu kunnen da ba ya ji ya ce tana hutawa, su yi ta bayani yana gyaɗa kai har su gaji su tafi. A hankali ta fara fitowa. Tana zuwa shagona ta taya ni sa maɓalli da kalmasa, aikin da ba ya buƙatar a ce komai. Tana zuwa gidan Auta ba tare da dalili ba, ta zauna ta tsince mata wake, ba ta tambaya. Har yanzu in abu ya sami Auta ni take fara kira, sannan Ummanta. Yaya ta sani. Ta ce ba komai, in dai tana faɗa wa wani.

Wadda aka ɗauka a madadinta yarinya ce mai digiri a kan aikin, mai hankali, an ba ta ofis a saman bene mai na'urar sanyaya ɗaki. Kwanan baya ina zaune ta kira Yaya a waya. Muryarta tana fitowa har inda nake. Ta ce wani ma'aikaci ya zo mata da maganar ɗansa da aka kama, ya yi kuka a gabanta, ta rasa me za ta ce, kuma tun jiya abin ya tsaya mata a rai ta kasa cin abinci. Tana so ta san yadda ake yi abin ya daina damun mutum.

Yaya ta cire allurar da ke bakinta ta soke a jikin zaninta.

Ta ce, “'Yata, kada ki yi gaggawar koyon wannan, zai zo da kansa. Kina da aure?”

Yarinyar ta ce tana da shi, da yaro ɗaya.

“To, ki je ki ci abinci tukuna. In an tashi, kada ki tsaya jin na kowa a bakin get. Ki rage kunne ki kai gida.”

Suka yi sallama. Yaya ta ajiye wayar, ta ture rigunan da ke kan benci gefe, ta ce in tashe ta in an kira la'asar. Na rage gudun keken don kada ƙarar ta dame ta.